Ko Ka Sani? Me Ake Sharewa Idan An Share Ma'ajiyar Wucin Gadi

Ko ka san cewa manhajar da ake ƙera manhajojin waya da ita tana ɓoye wasu fayiloli a gefe, ba tare da ta tambayi kowa ba? Ɗauki Android Studio, wadda Google ya sanar da ita a 2013, aka gina ta bisa IntelliJ IDEA ta kamfanin JetBrains. Da zarar ka buɗe aiki, sai ta bi kowane fayil ta karanta, ta tsara jerin sunayen da ke ciki da inda kowanne yake. Wannan jeri, da take adanawa a ma'ajiyar wucin gadi, shi ne ke sa tana ƙarasa maka kalma tun ba ka gama rubuta ta ba. Kamar ɗan tireda ne da ke jera kayan da aka fi saya a gabansa don kada ya riƙa shiga sito kullum.

Matsala tana tasowa ne idan fayilolin aikin sun canza amma jerin bai bi su ba. Sai ka ga jan layi a ƙarƙashin rubutun da ba shi da kuskure ko kaɗan. A nan ne ake zuwa File a danna Invalidate Caches, manhajar ta rufe ta sake buɗewa, ta tsara jerin daga farko.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba: ma'ajiyar ba ɗaya ba ce. Gradle, mai haɗa aikin, yana da tasa a jakar .gradle, inda yake adana tarin lambobin da ya sauko da su daga intanet. Maɓallin Invalidate Caches ba ya taɓa ta. Wanda kuwa ya goge ta da hannunsa cikin fushi, sai ya sake sauko da komai, kuma mai sayen data da kuɗinsa ya san zafin hakan. Gradle ma da kansa yana share abin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba.

Ina ganin gaggawar sharewa ita ce babbar illa. A akwatin Invalidate Caches akwai zaɓin da ke goge tarihin gyare-gyaren da manhajar ke riƙe maka, tarihin da ke ceton mutum idan ya ɓata fayil bai riga ya adana shi a manhajar adana tarihin aiki ta Git ba. Kafin ka danna, karanta saƙon kuskuren tukuna, ka sake haɗa aikin da Gradle, kuma ka duba abin da ka sa wa alama a akwatin.