Gadon Halitta da Ingancin 'Ya'yan Tuffa: Bayani ga Malaman Gona da Manoma

Gabatarwa

Tuffa tana cikin 'ya'yan itatuwa masu tsada a kasuwannin Najeriya, kuma mafi yawan wadda ake sayarwa shigo da ita ake yi daga waje, musamman daga Afirka ta Kudu da Turai. Wannan ya sa manoma a wurare masu tudu da sanyi, kamar kewayen Jos da tsaunin Mambila a Jihar Taraba, suke sha'awar nomanta. Sai dai tuffa ba kamar masara ba ce, wadda idan iri bai yi kyau bana ba za a sauya wani baɗi. Wanda ya dasa irin da bai dace ba zai shafe shekaru yana ban ruwa da zuba taki kafin ya gane ya yi asara. Saboda haka ya kamata a san abin da bishiya take gadowa daga iyayenta, da kuma abin da kulawar manomi take iya gyarawa.

Me ya sa ƙwallon tuffa ba ya haifar da irin uwarsa?

Asalin tuffa daga tsaunukan tsakiyar Asiya ne, a yankin Kazakistan na yau. A cikin kowace ƙwayar halittarta akwai zaren gado guda 34, wato tagwaye 17: rabi daga uwa, rabi daga uba. A jikin waɗannan zare ne ƙwayoyin gado suke jere, kuma a shekarar 2010 masana suka wallafa taswirarsu ta farko, wadda aka ɗauko daga irin Golden Delicious.

Yawancin irin tuffa ba sa karɓar garin furensu, sai ƙudan zuma ya kawo na wani iri dabam. Don haka kowane ƙwallo gauraye ne na iyaye biyu, kuma iyayen ma gauraye ne. Idan aka shuka ƙwallaye goma daga tuffa ɗaya za a sami bishiyoyi goma mabambanta, mafi yawansu masu ƙananan 'ya'ya ko marasa daɗi. Shi ya sa ake yaɗa iri mai kyau ta hanyar aure, wato ɗaura reshensa a kan gindin wata bishiya, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo.

Halayen da mai saye yake dubawa

Tsami da zaƙi: Tsamin tuffa ya dogara ƙwarai a kan ƙwayar gado guda ɗaya mai suna Ma, wadda take kan zare na 16. Tana da siffa biyu, mai ƙarfi da mai rauni. Bishiyar da ta gaji mai rauni daga uwa da uba duka, 'ya'yanta lami suke fitowa, ba su da armashi. Idan aka haɗa iyaye biyu da kowannensu yake ɗauke da siffofin biyu, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu za su zama lami. Shi kuwa zaƙi, ƙwayoyin gado da yawa ne suke tafiyar da shi, kuma hasken rana da lokacin girbi da yawan 'ya'yan da aka bari a reshe suna da tasiri sosai a kansa.

Launi: Jan ɓawo yana ƙarƙashin wata ƙwayar gado da ke kan zare na 9. Amma ba ta aiki yadda ya kamata sai da hasken rana da sanyin dare. Wannan ne dalilin da ya sa iri mai ja a ƙasar sanyi yakan fito fari-fari a wuri mai zafi, haka kuma 'ya'yan da ganye ya rufe ba sa yin ja. Irin da gadonsa kore ne, kamar Granny Smith, babu takin da zai mai da shi ja.

Tauri da jure ajiya: Idan tuffa ta fara nuna takan fitar da wata iska mai suna etilin, wadda take sa ta yi laushi. Ƙwayoyin gado da ke kan zare na 10 da na 15 suna da hannu a yawan wannan iska da saurin laushin naman. Irin Fuji ya gaji siffar da ke fitar da ita kaɗan, shi ya sa yake daɗewa a ajiye. Wannan hali yana da muhimmanci a inda babu ɗakin sanyi, kuma kaya sai sun yi doguwar tafiya kafin su isa kasuwa.

Buƙatar sanyi

Duk kyawun iri, idan bai yi fure ba aikin banza ne. Yawancin irin Turai da Amurka suna buƙatar awa 800 zuwa sama da 1,000 na sanyin da bai wuce digiri 7 ba a ma'aunin Salshiyas kafin idanunsu su buɗe. Wannan buƙata ma gado ce. Irin Anna, wanda aka samar a Isra'ila a shekarun 1950, awa 200 zuwa 300 sun ishe shi, haka ma Dorsett Golden na tsibiran Bahamas, kuma akan dasa su tare domin su yi wa juna barbara. A ƙasashe masu zafi kamar Indonesiya, manoma kan tsige ganyen bishiya bayan girbi domin tilasta mata sabon fure.

Yadda ake samar da sabon iri

Mai bincike yakan zaɓi iyaye biyu, ya cire ɓangaren namiji na furen uwa, ya shafa masa garin furen uba, sannan ya rufe shi don kada zuma ta kawo wani. Ƙwallayen da aka samu akan ajiye su cikin sanyi da danshi na wata biyu zuwa uku kafin su tsira. Daga nan sai a raini dubban bishiyoyi, a jira shekaru kafin su fara 'ya'ya, a ɗanɗana, a zubar da mafi yawa. Irin Fuji an haɗa iyayensa a Japan a 1939, amma sai a 1962 aka fitar da shi.

Neman juriyar cuta ya fi haka ɗaukar lokaci. An samo juriyar cutar tabon ganye da 'ya'ya daga wata tuffar daji mai ƙananan 'ya'ya masu tsami, kuma sai da aka yi ta maimaita haɗi da iri masu daɗi, zuriya bayan zuriya, kafin a fitar da irin Prima a Amurka a 1970.

A yau ana iya yankar ɗan ganye daga tsiro mai 'yan makonni a gwada shi a ɗakin bincike, a gane ko ya gaji lami ko saurin laushi ko juriyar cuta. Wanda bai dace ba sai a cire shi tun a wurin reno, a rage kashe kuɗi da fili. Wannan gwaji ba sauya halittar shuka ba ne, zaɓe ne kawai daga abin da haɗin ya haifar. Kuma bai ɗauke gwajin gona ba, domin sai an dasa iri a yanki kafin a tabbatar ya karɓi ƙasar.

Shawarwari

1. Kada a kafa lambu da tsiron ƙwallo. A sayi dashen da aka yi wa aure, a duba tabon auren a gindinsa.
2. A tambayi sunan iri da buƙatarsa ta sanyi kafin a biya kuɗi.
3. A dasa aƙalla iri biyu masu fure lokaci ɗaya, kuma a guji fesa maganin ƙwari lokacin fure.
4. A riƙa sassabe rassa domin rana ta shiga, a kuma rage 'ya'ya idan sun yi cunkoso.
5. A cire duk reshen da ya tsiro ƙasa da wurin aure, domin na gindi ne, ba na irin da aka saya ba.
6. Malamin gona ya riƙa rubuta ranar fure da ranar nuna da ɗanɗano da kwanakin ajiya na kowane iri a yankinsa, ya miƙa wa masu bincike.

Kammalawa

Gado shi ne yake shata iyakar abin da bishiya za ta iya bayarwa, kulawa kuma ita take kai ta ga wannan iyaka. Manomin da yake son shiga noman tuffa ya fara da bishiyoyi kaɗan na iri biyu ko uku, ya ga wanda ya karɓi gonarsa, sannan ya faɗaɗa. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.