Mu Rubuta Labarin Waɗanda Suka Riga Mu

Hirarmu ta yau a kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya take, wato iyayenmu da kakanninmu da ƴan'uwa da abokan zama. Za mu duba yadda muke tunawa da su, sa'an nan mu ga abin da mai sabon karatu zai iya ƙarawa da alƙalaminsa. Za mu ɗauki misali da garin Madarumfa, cikin jahar Maraɗi.

Garin waliyyai 99

Madarumfa tana kudu da Maraɗi, kusa da iyakar Nijeriya. An san ta da babban tafkinta inda ake kamun kifi. An kuma san ta da kaburburan bayin Allah da ke kewaye da tafkin, waɗanda mutanen gari ke ce ma waliyyai 99. Masu ziyara suna zuwa daga cikin Nijar da kuma Nijeriya. A shekarar 2006 ƙasarmu ta miƙa ma hukumar UNESCO sunan tafkin da dajin Madarumfa da waɗannan kaburbura, cikin jerin wuraren da take neman a lissafa su a kayan tarihin duniya.

Me ya sa ba a manta da waɗannan bayin Allah ba? Domin a kowane zamani ana samun masu nuna wurin, da masu faɗa ma yara labari. Abin da ake nunawa, ake kuma faɗi, ba ya ɓacewa.

To, kai fa, ɗan'uwa? Ka san inda kabarin kakanka yake? Galibin kaburburanmu ba su da rubutu. Ana kafa ice ko a kifa fasasshiyar tukunya. In damina ta yi ta wucewa sai kabari ya baje, icen ya ruɓe. Ran da waɗanda suka yi jana'iza suka ƙare, ba mai iya nuna wurin kuma.

Yadda muke tunawa

Mu Hausawa ba mu yar da mamatanmu ba. In an yi rasuwa ana zaman makoki, dangi da maƙwabta su zo gaisuwa daga Gabi, daga Safo, daga Ɗan Isa, har daga Jibiya da Katsina, don zumunta a ƙafa take. Gidaje da yawa suna yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Waɗansu malamai ba su yarda da tsayar da waɗannan ranaku ba, sun ce a yi addu'a da sadaka a kowane lokaci. Amma kowa ya yarda mamaci yana bukatar addu'ar nasa. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma.

Muna kuma mayar da suna. In an haifi yaro aka sa masa sunan kakansa, sai a riƙa kiransa Abba ko Baba. In mace ce aka sa mata sunan kakarta, sai a ce mata Inna ko Ummi. Ta haka sunan yake zama cikin gida.

Malamai suna koya mana cewa abu uku ne ke bin mutum da lada bayan ya mutu: sadaka mai gudana, kamar rijiya ko itacen da ya dasa; da ilmin da ya bari ana amfani da shi; da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Duk waɗannan hanyoyi ne masu kyau. Ba mu ce a bar ko ɗaya ba.

Inda baki yake gazawa

Yanzu ga jarrabawa. Faɗi sunan mahaifinka. Faɗi sunan kakanka. Faɗi sunan uban kakanka. Da yawa a cikinmu nan za su tsaya. Koma wajen uwa. Mene ne sunan kakarka ta wajen uwa? Daga wane gari aka auro ta? Nan ma sai ka ji shiru.

Akwai dalili. Mu mutane ne masu alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Uwa ba ta kiran ɗanta na fari da sunansa. Ɗa ba ya kama sunan mahaifinsa. Al'ada ce ta ladabi, amma tana ɓoye sunan yanka. Yaro zai tashi yana jin ana cewa Inna, ko Malam, ko Mai Goro, har tsohon ya rasu bai san sunansa na gaskiya ba. To, alƙalami ba ya karya alkunya. Sunan da bakinka ba zai faɗa ba, hannunka yana iya rubuta shi.

Sarakuna suna da maroƙa da makaɗa masu riƙe masu sunaye. Shi ya sa har yau ake ambaton Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi bayan an ci Birnin Katsina a 1807, ake kuma ambaton Ɗan Baskore da sauran waɗanda suka biyo baya. Manomi da masunci da mai dakau ba su da maroƙi. In ƴaƴansu ba su riƙe sunansu ba, ba mai riƙe masu.

Kada ka ce labarin talaka bai isa a rubuta ba. A ƙasar Zazzau, cikin Nijeriya, an yi wata tsohuwa ana ce mata Baba ta Karo. Ba ta iya karatu ba, ba ta da sarauta. A 1949 da 1950 ta zauna ta ba wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Har yau ana karanta shi a manyan makarantun duniya don a san zaman matan Hausawa na da. Tsararrakinta dubbai sun wuce, ba wanda ya san sunansu. Ita an rubuta nata.

Littafin gida

Ga aikin da muke so ka yi. Ka sayi littafin rubutu sabo, wanda muke ce ma kaye. Kada ka haɗa shi da na lissafin kasuwa. A bangonsa ka rubuta: Littafin Gidanmu. Ka rubuta da bik, don rubutun fensir yana gogewa. In ka fi gwaninta da ajami, rubuta da ajami. Ka ba kowane mamaci shafi guda. A kowane shafi ka sa abu bakwai:

1. Sunansa na yanka da laƙabinsa.
2. Sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa.
3. Garin da aka haife shi, da inda ya zauna.
4. Sana'arsa.
5. Matansa, ko mijinta in mace ce, da sunayen ƴaƴa, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana.
6. Shekarar rasuwarsa, da maƙabartar da aka kai shi.
7. Halinsa na kirki, da wata magana da ya saba faɗi.

Ga misali. Ka sa sunayen gaskiya a inda muka ce Wane da Wance:

"Wance ɗiyar Wane. Ana ce mata Inna. An haife ta a Gabi, aka auro ta zuwa Madarumfa. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta haifi ƴaƴa bakwai, uku sun rasu suna yara. Ta rasu da kaka, cikin watan azumi. Ba ta cin tuwo sai ta ɗebar ma almajiri. Allah ya jiƙanta."

Ka gani? Layi kaɗan ne. Duk wanda ya yi wata shida a makarantar yaƙi da jahilci zai iya gwada irinsa. In harafi ya karkace, ba kome. Jikanka zai gane.

Yadda za ka gano shekara

Tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba. Suna riƙe ta da abin da ya faru. Za ka ji an ce: ya rasu shekara biyu bayan yunwa, ko kuwa: an haife ta shekarar da aka sami mulkin kai. Ga waɗansu shekaru da za su taimake ka:

Yunwar Kakalaba: 1913 zuwa 1914.
Ambaliyar Gulbi da ta ci tsohon garin Maraɗi, har aka koma bisa tudu: 1945.
Samun mulkin kai: 3 ga Agusta, 1960.
Babban fari: 1973 zuwa 1974.
Hawan Seyni Kountché mulki: Afrilu, 1974.
Yunwar El-Buhari, lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka: 1984 zuwa 1985.
Rasuwar Seyni Kountché: Nuwamba, 1987.
Husufin rana da aka gani a jahar Maraɗi: Maris, 2006.

In an ce maka mutum ya rasu shekara biyu bayan mulkin kai, sai ka ƙara 2 a kan 1960, ka sami 1962. Ka ga lissafin da ka koya ya yi amfani. In shekarar ba ta tabbata ba, ka rubuta "wajen 1962". In ba wanda ya sani, ka bar wurin fili. Kada ka ƙaga. Ƙarya a baki tana wucewa, amma in ta shiga takarda sai jikoki su ɗauke ta gaskiya.

Wa za ka tambaya?

Da tsohuwar zuma ake magani. Ka fara da wanda ya fi kowa tsufa a danginku. Kada ka tsallake mata. Gwaggo da inna da kaka su suka fi riƙe lissafin aure da haihuwa da goyo. Ka je da ladabi, ka gaishe su, ka kai ɗan goro. Kada ka yi gaggawa. In tsohuwa ta ji nauyin faɗin sunan mijinta, ka tambayi ƙanensa ko liman ko mai unguwa. In kana da wayar salula mai ɗaukar murya, ka nemi izini ka ɗauka, daga baya ka zauna ka rubuta a hankali. Waya tana lalacewa, tana ɓacewa, saboda haka kada ka dogara da ita kaɗai. In akwai hoto, ka rubuta suna da shekara a bayansa.

Abin da ka ji daga mutum ɗaya, ka sake tambayar wani. In maganarsu ta saɓa, ka rubuta duka biyu, ka sa sunan wanda ya faɗi kowace. Kuma ka kiyaye: littafin gida ba wurin tonon asiri ba ne. Addini ya hore mu da ambaton alherin mamata. Tsohuwar gaba da abin kunya, a bar su inda suke.

Kada ka ce sai bayan girbi. Tsohon da ke zaune a ƙofar gida yau, ba ka da tabbacin samunsa baɗi.

Amfaninsa ga masu rai

Wani zai ce: wanda ya mutu ya mutu, me rubutu zai ƙara masa? Rubutun yana tsare na raye.

Na farko, gado. A ƙasar Madarumfa mutane sun yi yawa, gonaki sun yi kaɗan. Sau da yawa rigimar gona daga mutuwa take farawa. Wannan ya ce aro ne, wancan ya ce kyauta ce, wani ya ce jingina ce. Shaidu kuwa sun mutu. Saboda haka a ƙarshen shafin mamaci ka rubuta gonakin da ya bari, da maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa. Ka rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, da wasiyyarsa, don sai an biya bashi an cika wasiyya kafin a raba gado. Ka rubuta sunan dukan magada, maza da mata, kada a manta da ɗiya don ta yi aure nesa, ko maraya don ƙarami ne. Littafinka ba takardar hukuma ba ne. Shi mai tunatarwa ne. Don samun takardar gona sai ka je wajen mai gari da hukumar kula da filaye, wadda aka kafa bisa dokar karkara ta 1993.

Na biyu, takardar rasuwa. In an yi mutuwa, bayan jana'iza a sanar da mai ɗaukar sunaye na gari, ko na gidan likita, ko a je ma'aikatar magajin gari. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. In wa'adi ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu. Ana bukatar wannan takarda wajen karɓar haƙƙin ma'aikacin da ya rasu, ko kuɗin da ya ajiye a banki. Ranar da ka rubuta a littafinka ita za ta taimake ka.

Na uku, zumunci. Yaron da ya karanta ya ga kakarsa daga Sarkin Yamma take, ko daga Jiratawa, ya san yana da dangi can. Waiwaye adon tafiya.

Ajiya da karantawa

Ka sa littafin cikin leda, ka ajiye a akwati, nesa da gara da ɗigon ruwa. Ka sa ɗanka ko ɗiyarka mai zuwa lakwal ya kwafe shi cikin wani kaye, a ajiye a gidan ɗan'uwanka, saboda gobara. Kada ka ɓoye shi. Ran salla, in dangi sun taru, ka fito da shi ka karanta shafi ɗaya ko biyu da ƙarfi, a yi masu addu'a. In wani ya tuna abin da aka manta, a ƙara.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Kakanni nawa kake iya faɗin sunansu, ta wajen uba da ta wajen uwa?
2. Wane ne ya fi kowa tsufa a danginku, kuma yaushe za ka je wurinsa?
3. Waɗanne manyan abubuwa suka faru a garinku da za a iya lissafin shekara da su?

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan mutum ɗaya, ya kawo ma malami ya duba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa sun huta. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.