Babi na Tara: Yaron da Harafi Ya Ƙi Zama a Kansa

A lakwal ɗin karkara, ko a Safo ne ko a wani ƙauye na ƙasar Madarunfa, ba a rasa yaron da ya shekara uku a layin baya bai iya haɗa baƙi da wasali ba. A gida da cikin aji sunansa ɗaya: daƙiƙi. Wannan suna zalunci ne. Yaron da ake aika kasuwar Maraɗi ya dawo da canji daidai, wanda ya san akuyar kowane gida a unguwa da kamanninta, ta ina ya zama daƙiƙi?

Sai dai a raba abu biyu. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da suka kai ƙarshen firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda karatunsa ya kai matakin da ake buƙata. Ba mai hankalin da zai ce duk sauran lalura ce da su. Yaro ya tashi da Hausa a bakinsa, ranar da ya shiga ajin farko, wato CI, aka tare shi da Faransanci, harshen da ke rubuta sautin o da o, da au, da eau. Amma cikin wannan taro akwai ƴan kaɗan da ko an gyara komai, karatu zai ci gaba da yi musu gardama. Tasu lalurar ita ake kira disleksiya, sunan da wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, ya raɗa mata a 1887.

Labarin da ya kamata kowane mushe, wato malamin lakwal, ya sani ya faru a Ingila a 1896. Wani likita, Pringle Morgan, ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy. Yaron mai kaifin basira ne, ba ya baya a wasa, lissafi bai gagare shi ba, an kuma yi shekaru ana fama da shi a kan karatu. Da aka ce ya rubuta sunansa, sai ya rubuta Precy. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, babu yaron da zai sha gabansa a makarantar. Likitocin wancan zamani sun ɗauka matsalar gani ce, har yau ma akwai masu cewa yaron yana ganin haruffa a juye ne domin ya musanya b da d. Haba! Wane ɗan koyo ne bai taɓa musanya su ba, balle namu da aka ƙara wa ɓ da ɗ? Idon lafiya lau yake, kuma ba sammu ba ne, ba lalaci ba. Bulala ba ta ƙara masa komai sai tsoron littafi.

Matsalar tana wajen sauti. Kafin mutum ya karanta "gida", dole ƙwaƙwalwarsa ta iya tsinka kalmar zuwa gi da da, sannan ta tsinka gi zuwa sauti biyu, ta ɗaura kowanne a kan harafinsa. Nan ne mai wannan lalura ke tuntuɓe. Kuma a nan ne nake ganin muna zaune a kan dukiya ba mu sani ba, wato zaurance. Yaran da ke juya "gida" ta koma "dagi" don kada manya su gane zancensu, atisayen da masana ke gwada yara da shi a asibitocin Turai suke yi, kyauta, a bakin zaure. Mushe mai lura ya sa aji su yi wannan wasa. Wanda bakinsa ke zuba a hira amma ya kasa juya gaɓa biyu, a sa masa ido tun yana aji na biyu, wato CP, kada a jira ya maimaita aji.

Makarantar allo ma ta riga mu. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Yaro ya faɗi sunan harafi da ƙarfi, yatsansa na kansa, daga baya hannunsa ya zana shi da tawada. Ido da kunne da baki da hannu a lokaci guda: kusan wannan ce hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka, wadda ake ji da ita har gobe. Aibin kawai shi ne mai ƙarfin hadda yana iya ɓoye rashin karatunsa shekara da shekaru, a allo da lakwal duka.

Game da tsari, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da dabarar gwada yaro shi kaɗai, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko labari, a zaunar da shi da tsaransa a karatu ba a shekaru ba. Shirin Makaranta don Kowa, wanda hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a Tawa a 2004, ya ɗauki irin wannan dabara, kwamitocin iyaye na shirya darasin ƙari bayan an tashi.

Saura harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Wani bincike na 2001 ya kwatanta masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila, aka tarar lalurar iri ɗaya ce a ƙwaƙwalwa, amma ƴan Italiya sun fi iya karatu domin rubutunsu yana bin furuci. Bokon Hausa ma haka yake, in ban da cewa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya, don haka irin waɗannan kalmomi a cikin jimla ake ba yaro su, ba a ware a kan allo ba.