YADDA AKE RIƘON FAMFON ƊUMI A ƘASASHEN SANYI

Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firij ya ji wurin da ɗumi. Dalili kuwa, injin yana kwashe zafin da ke cikin akwatin ne yana zubarwa waje. To, a ƙasashen sanyi an juya wannan dabara. Akan kafa inji a bayan gida, yana tsamo ɗan zafin da ke cikin iska yana turawa ɗakuna. Shi ake kira famfon ɗumi. Wani masani na Biritaniya, Lord Kelvin, ya bayyana dabarar tun 1852, amma sai a zamaninmu ta bazu. A Norwe fiye da rabin gidaje da shi suke jin ɗumi. A Ingila kuwa, cikin Oktoba 2023 Gwamnati ta ɗaga gudummawar kafa shi zuwa fam 7,500.

Amfaninsa shi ne, in ya ci lantarki awo ɗaya yakan ba da ɗumi awo uku ko huɗu, domin ɗauko zafin yake yi daga waje, ba haddasa shi yake yi ba. Amma fa wannan riba tana hannun mai gida, kuma nan ne da yawa ke yin hasara.

Malamai su kwatanta wa yara da rijiya. Gwargwadon zurfinta, gwargwadon wahalar mai jan guga. Haka famfon nan: in tazara ta yi yawa tsakanin sanyin waje da zafin ruwan da ke zaga bututun ɗakuna, sai ya ƙara cin wuta. Mutanen Ingila sun saba da tukunyar gas, wadda ke kai ruwa digiri 60 ko 70, a kunna ta da asuba, a kashe in za a fita aiki. Wanda ya bi da famfo haka, ran biyan kuɗin wuta zai ji a jikinsa. Shi ruwa mai digiri 35 zuwa 45 yake so, a bar shi yana aiki sannu sannu, dare da rana. In aka bar gida ya huce sarai, sa'an nan aka matsa masa ya ɗumama da gaggawa, a wasu injuna sai wayar lantarki ta taimako ta kama, ita kuwa awo ɗaya take ci ta ba da ɗaya tak.

Akwai wani ma'auni da ke duba sanyin waje, ya rage zafin ruwa da kansa ran da gari ya yi sauƙi. Ya kamata mai gida ya sa makaniki ya daidaita shi, ya kuma toshe kafofin tagogi da rufi, ya riƙa share ganyaye da ƙanƙara daga bakin injin don iska ta wuce.

Wani lokaci da sanyin safiya akan ga tururi na tashi daga injin, har baƙon abin ya zaci gobara ce. Ƙanƙarar da ta daskare a jikinsa yake narkarwa, bayan 'yan mintoci ya koma aikinsa.