Lambar Girma Ta Waliyyi Giregori: Abin Da Kuɗi Ke Saye Da Wanda Ba Ya Saye

A kasuwannin gwanjo na Turai, masu tara tsofaffin lambobin girma kan yi rububin wadda Fadar Batikan ke bayarwa da sunan Waliyyi Giregori Mai Girma, wanda ya riƙe muƙamin Fafaroma daga shekarar 590 zuwa 604. Fafaroma Giregori na 16 ne ya ƙirƙiro ta a 1831, domin karrama waɗanda suka yi wa Cocin Katolika hidima.

Lambar jan gicciye ce mai tsini takwas, da hoton waliyyin a tsakiya, ana kuma rataya ta da jan ƙyalle mai ruwan ɗorawa a gefe. Farashinta a wurin masu tarawa ya danganta da tsufanta, da matakinta, da tambarin maƙerin da ya yi ta.

Sai dai mallakar ƙarfen ba ya mayar da mutum mai lambar. Bishop ne kan gabatar da sunan wanda ya cancanta, sannan Batikan ta ba da takardar shaida. A 2012 fadar ta gargaɗi jama'a game da ƙungiyoyin da ke raba lambobi da sunan waliyyai ba tare da amincewarta ba.

Don haka duk wanda aka yi wa tayin wannan karramawa a kan kuɗi, ya fara tuntuɓar ofishin bishop na yankinsa kafin ya biya ko sisi.