Hurumin Gida da Haƙƙin Hanya: Ina Iyakar Kamun Direba Mashayi?

Duk wanda ya san babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta Nijar, wadda ta ratsa Gidan Rumji, ta bi ta kusa da Maraɗi, ta wuce Agye da Gazawa, ya san cewa ran kasuwa, sa'ad da manyan motoci da ƴan kabu-kabu da amalanken shanu ke cuɗanya a kanta, direba guda wanda giya ko tiramol ta gusar wa da hankali ya isa ya jefa gidaje da dama cikin makoki. Mas'alar da ke ɗaure wa mutanen garuruwa irin su Gidan Sori kai ita ce: in mai mayen ya sauka daga kwalta, ya jingine babur a zaurensa, ya shige turaka, shin jandarma na da ikon binsa har ciki?

Lalle gida yana da hurumi mai girma a Shari'a da dokar ƙasa baki ɗaya. Suratun Nuri ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurati ta hana tajassusi, saboda haka fuƙaha'u na Malikiyya, duk da sun yanke wa mashayi haddin bulala 80, ba su halatta wa muhtasibi, wato mai hisba, haura katanga don tona abin da Allah Ya rufa ba. Nijar ba ta zartar da haddi, amma kundin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya haramta keta gida sai bisa ƙa'idar doka, kuma dokar bin bahasin laifuffuka ta taƙaita binciken gida da dare. Ko a Amurka, a 1984, kotun ƙoli ta soki ƴan sandan jihar Wisconsin da suka shiga ɗakin wani direba da dare, ba da takardar alƙali ba, suka kama shi kan tuƙi cikin maye.

Sai dai hurumin nan an yi shi ne domin suturta aibin mutum, ba domin ɓoye cutar da ya yi wa jama'a ba, don haka hukunci kan bambanta gwargwadon hali. Wanda ya bugu a cikin gidansa, motarsa na ajiye, dokar hanya ba ta da abin cewa game da shi. Tasha kuwa, da gidan mai, da filin kasuwa, ko da mallakar wani ne, muddin jama'a na zirga-zirga a ciki, a tsarin da muka gada daga Faransa hukuncinsu hukuncin hanya ne. Wanda ya banke mai tallar fura a kan titi, ya ruga gida mutane na binsa da kuwwa, laifinsa ɗanye ne, ƙofarsa ba za ta tsare shi daga hukuma ba. Wanda kuma ya ja mota da baya cikin maye a tsakar gidansa ya take yaro, dokar kisa ko rauni bisa kuskure za ta hau kansa a nan inda yake, kamar yadda fiƙihu ya wajabta lamuni da diyya ko'ina aka yi ɓarnar.

Wanda aka kama ma yana da haƙƙi: tsarewar farko awa 48 ce, ƙarƙashin kulawar mai gabatar da ƙara, sa'an nan alƙali ne kaɗai mai yanke hukunci, ba jandarma ba, ba kuwa taron masu fushi ba.

Wajibi ne ga maigida da maigari su gane cewa ɓoye direban da ya zub da jini ba sutura ba ce, taimako ne a kan zalunci. Rahamar da ta fi amfani gare shi ita ce a karɓe makulli daga hannunsa tun bai hau hanya ba.