Tufafin Rawa da Tasirinsu a Kan Ado: Misalin Siket ɗin Tutu

1.0 Gabatarwa

A darasin tufafin Hausawa an saba raba sutura zuwa ta maza da ta mata, ko ta sarakuna da ta talakawa. Akwai wata hanya da ba a cika bi ba, wato duba aikin da tufa ke yi wa jikin mai shi. Duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya ga wannan da idonsa. Masunci ba ya faɗa wa ruwan Matan Fada da babbar riga, domin za ta sha ruwa ta hana shi sarrafa homa da gora. Ɗan kokawa bante yake ɗaurawa don kada abokin karawarsa ya sami wurin riƙo. A kowane ɗaya daga cikinsu, motsi ne ya yanka tufar kafin tela ya sa almakashi.

Wani lokaci irin wannan tufa takan bar fagen da aka yi ta dominsa, ta shiga adon jama'a. Wannan babi zai bi sawun guda ɗaya daga ƙasar Turai, saboda tarihinta a rubuce yake, kuma ɓurɓushinta ya iso har shagunan telolin Birnin Kebbi.

2.0 Ma'anar Tutu

Bale wata rawa ce da ake ba da labari da ita ta hanyar kiɗa da motsin jiki, ba tare da magana ba. Ta tsiru ne a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Tutu kuwa shi ne siket ɗin da mata masu wannan rawa ke sawa, wanda ake ɗinkawa da yadin raga marar nauyi, hawa bisa hawa.

Ya kamata malami ya shirya wa dariyar ɗalibai a nan, don kowa ya san abin da wannan kalma ke nufi a bakin yaran Hausawa. Dace ne kawai aka yi. Kalmar ta Faransanci ce, ko da yake akwai masu ganin cewa can ma daga maganar yara ta samo asali, daga sunan da suke kiran mazaunai da shi.

3.0 Yadda Siket ɗin Ya Riƙa Gajarcewa

Da farko matan da ke rawar bale tufafin fada suke sawa, masu nauyi, masu jan ƙasa. Ƙwarewar mai rawa kuwa a ƙafa take, ga shi tufa ta rufe ƙafar. A wajen 1730 wata mai rawa, Marie Camargo, ta rage tsawon siket ɗinta har idon sawu ya fito, domin 'yan kallo su ga abin da ƙafafunta ke yi.

Amma shekarar da ake ƙirga tarihin tutu daga gare ta ita ce 1832. A wannan shekara Marie Taglioni ta fito a birnin Faris cikin wasan La Sylphide, a matsayin wata aljana ta iska. Ta sa farin siket shara-shara wanda ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu, tana rawa a kan 'yan yatsun ƙafa, sai ta zama kamar ba ta taɓa ƙasa. Wannan fasali ya zama abin koyi. Abin da ya taimaka wajen yaɗuwarsa shi ne injin saƙa raga da John Heathcoat ya ƙera a Ingila a farkon ƙarni na 19, wanda ya sa yadin ya yi araha. Sunan yadin, tul, daga garin Tulle na Faransa aka ɗauko shi. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ƙaddara gidan sauro mai ƙananan idanu da aka sa wa sitaci.

Kyan nan ya ci rayuka. A wancan zamani da fitilun gas ake haska dandamali, raga kuwa ba ta jimirin wuta. A watan Nuwamba na 1862 siket ɗin wata matashiya, Emma Livry, ya kama wuta ana cikin gwajin wasa a Faris, ta yi jinyar wata takwas, ta rasu a 1863 tana da shekara 20. Akwai maganin hana kamun wuta da ake jiƙa yadi da shi, amma ta ƙi amfani da shi saboda yana sa yadin ya ƙage, farinsa ya dushe.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, musamman a Italiya da Rasha, juyi da tsalle sun ƙaru a rawar, sai siket ya haura gwiwa, daga bisani ya miƙe daga ƙugu kamar faifai, har akan sa masa zoben waya don ya tsaya. A 1950 Barbara Karinska ta fito da wani mai taushi marar waya a Amurka.

4.0 Daga Dandamali Zuwa Shagon Tela

Mutane sukan so kamanta kansu da wanda suka gani ana tafa wa. Ta wannan ƙofa raga ta shiga rigunan amare da na liyafa a Turai. A 1947, bayan ƙarancin yadi na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Christian Dior ya fito da ɗinki mai matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket, wanda raga ce a ciki take ɗaga shi. Takalmin nan na mata marar tsini da ya cika kasuwa shi ma daga ƙafar masu rawar bale ya fito.

A ƙasar Kabi ba ta hanyar rawa wannan ado ya shigo ba. 'Yan gwanjo da masu kanti ne suka kawo rigunan 'yan mata ƙanana masu kumburarren siket, irin waɗanda iyaye ke saya wa yara da Sallah. Sannan fina-finai da hotunan biki a waya suka koya wa amare neman rigar liyafa mai baje. Ragar kanta a kasuwa ake yanko ta, galibi daga dilolin da ke zuwa daga Kantin Kwari ta Kano.

Abin lura shi ne yadda telolin gida suka juya abin. An ƙirƙiri tutu ne don ya bayyana ƙafa, su kuwa suka mayar da shi har ƙasa. Ragar da aka yi don ta zama shara-shara, sun yi mata shafi, ko sun tura ta ƙarƙashin atamfa da leshi ta zama mai ɗaga siket kawai, a bisa kuma a yafa mayafi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushiya, domin tun da can tana da fatari da ɗantofi, gajerun tufafi da ake sawa a ƙarƙashin zane. Ke nan, raga ta tarar da gurbinta a shirye, ta zauna inda ɗantofi yake. Inda ake samun saɓani da iyaye da malamai shi ne saman rigar, idan tela ya bi fasalin Turai ya matse ta.

Akwai wani gado da ya biyo ragar wanda ya shafi malamin makaranta kai tsaye. Ta yanzu yawanci ta roba ce, wadda in ta haɗu da wuta narkewa take yi ta manne wa fata. Malamin da ke shirya wasan kwaikwayo ko bikin yaye ɗalibai, ya kuma ga yara mata sun zo da irin waɗannan riguna, sai ya nisanta su daga murhun masu dafa abincin taro, da kaskon turare, da kyandir idan an ɗauke wuta.